Rabon Clementina a Hanyar Sakkwato

A daminar shekarar 2003 aka ɗebi mata talatin aikin sharar babbar hanyar da ta taso daga Kwangila, ta ratsa Samaru, ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Clementina tana cikinsu. 'Yar Kagoro ce, amma a Sabon Gari ta yi aure, nan ta haifi 'yarta Janet, nan kuma ta binne mijinta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran taragu a reluwe.

Ranar da aka raba musu tsintsiya da baro da riga mai ruwan lemo, Malam Henry, wanda kamfanin da ya karɓi aikin ya ɗora a kansu, ya tara su ya yi musu jawabi. Ya ce hanya ita ce fuskar gari. Ya ce baƙo ba ya shiga gidan da bola ta tare ƙofarsa, in kuwa baƙo bai shigo ba, mai shago da mai abinci da kayansu za su kwana. Matan suka ce to, suna fifita da gefen mayafi.

Rabon Clementina ya faɗo gaba da Palladan, daga wata kwalbati zuwa wani gidan mai da aka daɗe da rufewa. Wuri ne fetal, ba inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya. Akwai mai faci da tulin tsofaffin tayoyi, sai rumfar Adenike, wadda kowa ke kira Iya Bisi, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari mai tuƙa amala da dafa shinkafa da wake. Sauran wurin duk leda ce. Baƙar leda a jikin ciyawa, ledar fiya-wata cike da kwata, wata ma ta maƙale a wayar lantarki tana kaɗawa.

Tana fitowa daga Chikaji da sanyin safiya, ta fara daga kwalbati. Clementina mace ce mai yawan tafiya a zuci, tun tana yarinya ake yi mata faɗa a kan haka. In ta sunkuya da tsintsiya, sai ta riƙa duba abin da matafiya suka jefo tana tambayar kanta daga ina ya fito. Ledar burodi mai rubutun Anaca takan sa ta ga babban kogin da mijinta ya taɓa ba ta labari, da gadar ƙarfe, da mata a cikin kwale-kwale. Ganyen da aka ƙunshe alale takan shinshina shi ta ji ƙamshin dajin da ba ta taɓa shiga ba. Can sama kuma ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi suna kewayawa a hankali, inuwarsu tana bin kwalta ta haye bayanta ta wuce.

"Maman Janet, kin sake tafiya ke nan," in ji Iya Bisi daga bakin murhu. "Zo ki sha ruwa. Ki share yau, gobe su zubar. Shekarata goma sha ɗaya a nan, manyan bas-bas ɗin nan na kudu ko ɗaya bai taɓa tsaya mini ba. Su taho a guje, su watso mana ɓawon lemo, su wuce."

"Me zai tsayar da su, Iya? Ko ni da nake nan, da zan iya wucewa da na wuce."

Suka yi dariya.

Bayan gidan man nan akwai wani rami inda take juye abin da zai ruɓe kafin motar shara ta zo. Wata safiya cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, ta tura baro can sai ta tsaya. Ramin ya yi kore shar. 'Yan tsirrai ne cunkus, wasu ganye biyu, wasu huɗu, wani kuma ya fasa ƙwallon mangwaro ya fito da jajayen ganye masu laushi kamar kunnen ɗan akuya sabon haihuwa. Ta durƙusa tana kallo har ta manta da baro.

A haka wani tsoho mai keke ya same ta. Baba Shekari ne, mutumin Zonkwa, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aikin lambu a cibiyar binciken noma ta Samaru kafin ya yi ritaya. Kullum ta nan yake bi zuwa gonarsa ta wajen Basawa, suna gaisawa daga nesa. Ya jingine keken ya leƙa ramin.

"Wannan gwanda ce," ya ce yana nunawa da sanda. "Wannan lemo. Ga gwaiba can. Wannan kuwa tumatir ne, bar shi, ba zai yi nisa ba. Wa ya shuka miki?"

"Ba kowa, Baba. Abin da mutanen mota suka tofar ne."

"To ai sun biya kuɗin shara ke nan ba su sani ba. 'Yata, in kika bar su a nan za su shaƙe juna. Tattaro mini ledojin ruwan can."

Ya nuna mata yadda za ta yanke bakin ledar fiya-wata, ta huda ƙasanta, ta cika da ƙasar ramin, ta dasa tsiro ɗaya a ciki. Kafin azahar sun jera fiye da hamsin a gindin katangar gidan mai. Da suka yi ƙwari, mai faci ya ce ta kwashi tayoyin da take so, dama sauro suke tara masa. Suka jera su nesa kaɗan da kwalta, inda ba za su tare wa direba gani ba, suka dasa tsirran a cikinsu. Baba Shekari ya ce gwanda uku-uku ake sawa a rami, don akwai namiji akwai mace, ba a gane su sai sun yi fure. Ya kawo sandunan zogale daga gonarsa, da darbejiya guda shida, da yankan wata fulawa mai ƙaya wadda ya ce furenta ja ne, sirara kamar takarda.

Awaki ne suka fara kai musu hari. Ran wata Litinin Clementina ta iso ta tarar da rabin dashen an gwaguye shi har ƙasa. Ta zauna a kan taya ta rufe fuska da rigar aiki. Iya Bisi ta fito da ludayi a hannu tana zagin awakin da masu su da Yarabanci, sannan ta dawo Hausa don su ji da kyau. Da yamma Baba Shekari ya zo da damin ƙayar bagaruwa a bayan keke. Ya ce a jiƙa kashin awakin a ruwa a yayyafa wa ganyen, akuya ba ta cin abin da ke warin kashinta. Suka yi haka, aka kuwa dace.

Rani ya fi awaki wuya. Ba famfo a wurin. Iya Bisi ta ajiye wani tsohon duro tana tara ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kwanuka wanda ba sabulu a ciki. Clementina kuma duk ledar ruwan da ta tsinta da ɗan saura sai ta matse a gindin wani tsiro. Wasu sun mutu duk da haka. Lemo uku ne kaɗai suka tsira. Amma zogale ya miƙe, darbejiya ta kama ƙasa, da damina ta zagayo kuma gwanda ta wuce tsawon mutum ta yi fure.

Wani lokaci da tsakar rana, in ta gama, takan zauna a ɗan inuwar zogalen ta lumshe ido. Sai ta ga hanyar gaba ɗaya, tun daga Kwangila har Shika, itatuwa sun haɗe kai ta sama, motoci suna tafiya a ƙarƙashi a hankali kamar masu rakiyar amarya, mata suna miƙo hannu ta taga suna tsinkar gwaiba. Har ƙamshin take ji. Sai ƙarar tirela ta farkar da ita, ta ga 'yan tayoyinta ashirin da wani abu, ta tashi ta kama tsintsiya.

A shekara ta biyu, cikin zafin bazara, labari ya zo cewa wasu manyan baƙi masu son kafa masana'anta za su bi ta hanyar. Aka ce a share ko'ina ƙal, a shafa fenti a gefen titi, a kawar da duk wani tarkace. Malam Henry ya iso da leburori biyu riƙe da adduna. Ya dubi tayoyin, ya dubi takardar da ke hannunsa.

"Maman Janet, ki yi haƙuri. An ce kada a bar taya ko ɗaya a bakin hanya. Ciyawa da duk abin da ba hukuma ta shuka ba, a sare."

Clementina ta tsaya a gaban gwandar da ta fi girma, tsintsiya a hannu.

"Ranka ya daɗe, wannan ciyawa ce?"

"Ni ba ni na rubuta ba."

"Kai ka ce mana hanya fuskar gari ce. Fuska ai ba wanki kaɗai take so ba."

Ya share gumi da hankici. Tun safe yake yawo a rana daga wannan rabo zuwa wancan, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Iya Bisi ta lura da haka. Ta jawo benci ta ajiye a gindin darbejiya.

"Oga, zauna tukuna. Itacen ba gudu zai yi ba. Ku ma ku ajiye addunan nan ku zo ku sha ruwa."

Ya zauna. Clementina ta tsinko gwanda nunanna, ta farko da ta bari ta nuna a jikin uwarta, ta yanka ta miƙa masa a faranti. Cikinta ja ne kamar garwashi. Ya ci yanka ɗaya, ya ci na biyu. Iska ta taso daga wajen gonaki ta ratsa ganyen darbejiya. Ya jingina da itacen yana cewa bari ya ɗan huta minti biyu. Leburorin suka dubi juna, domin ba a jima ba sai ga Malam Henry yana barci, takarda ta zame daga hannunsa ta faɗi a kan takalminsa. Ba wanda ya tashe shi. Iya Bisi har rage muryar rediyonta ta yi.

Da ya farka ya daɗe yana kallon jan furen da ya fara hawa katangar gidan mai. Ya ɗauki takardarsa ya kakkaɓe.

"An ce kada a ga taya," ya ce wa leburorin. "Ku kawo farar ƙasa ku shafe su. In sun yi fari ai tukwanen fulawa ne."

Ranar da baƙin za su wuce, Clementina ta wanke rigar aikinta ta goge. Baba Shekari ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Suka tsaya a jere da Iya Bisi da mai faci tun hantsi. Can wajen ƙarfe ɗaya suka ji jiniya. Motoci bakwai ne, baƙaƙe, gilasansu a rufe ruf. Kafin Clementina ta gama ɗaga hannu sun ɓace a kwanar Samaru. Ba ta ga fuska ko ɗaya ba. Ganyen gwanda ya ɗan kaɗa, ya koma ya tsaya.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan," in ji Baba Shekari. Ya cire kwat ya ninke a kan keke. "Zo mu ba itatuwan ruwa, su ba su san an yi baƙi ba."

Ta yi kwanaki jikinta a mace. Masana'antar ma ba a sake jin labarinta ba.

Wajen wata guda bayan haka, ran wata Laraba da rana tsaka, wata doguwar bas da ta taso daga Anaca za ta Gusau ta rage gudu, ta sauka daga kwalta, ta tsaya daidai gaban darbejiyoyin. Iya Bisi ta miƙe da murfin tukunya a hannu, ta zaci lalacewa ta yi. Direban ya diro, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tawul a wuya, yana kiran a kawo ruwa. Wata tsohuwa ce zafi ya sumar a cikin motar. Aka fito da ita aka kwantar a benci, Clementina tana yi mata fifita da murfin kwali, Iya Bisi tana shafa mata ruwa a fuska. Da tsohuwar ta buɗe ido, furen nan ja ta fara gani a saman kanta. Ta yi wata magana da Ibo, mutanen da ke kewaye suka fashe da dariya.

"Me ta ce?" in ji Clementina.

Direban, wanda ya ce sunansa Nedu, ya amsa da Hausarsa ta tasha. "Ta ce ta ɗauka ta riga ta isa wurin Allah. Mama, tun daga Kaduna nake neman inda zan tsaya. Ko'ina rana, ko'ina datti. Nan kawai na gani."

Fasinjoji sittin suka sauko suna miƙe ƙafa. Kafin a ce haka sun cinye amalar Iya Bisi, sun cinye shinkafa, har ƙanzon tukunya wani ya roƙa. Mai faci ya duba wa Nedu iskar tayoyi. Da za su tashi tsohuwar ta kama hannun Clementina ta riƙe, ta daɗe tana magana. Clementina ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta yi ta cewa amin.

Laraba ta gaba Nedu ya sake tsayawa, ba wanda ya suma. Ya gaya wa abokansa direbobi. Kafin ƙarshen shekara bas uku ko huɗu ke tsayawa a mako, ban da ƙananan motoci. Iya Bisi ta ƙara tukunya biyu ta kira ƙanwarta daga Sabon Gari. Wata budurwa mai suna Chinelo ta kafa lema da tebur tana ba da wayar salula ana kira. Mai tsire ya zo, mai rake ya zo. Wani ya sayi gidan man ya buɗe. Ɗaliban jami'a suka gano katangar fulawar, suna zuwa ran Asabar da mai hoto, suna cewa, "Mama, ɗan matsa kaɗan, za mu yi sinap."

Sai dai jama'a da shara suke tafe. Aikin Clementina ya ninka. Wata rana ta tarar an karya reshen gwaiba an yi sanda da shi, wata rana an zubar da baƙin mai a gindin lemo har ya bushe. Ta yi fushi ta ce da ta sani da ta bar wurin yadda yake. Iya Bisi ta tara masu sana'ar duka a gindin darbejiya ta ce musu, "Kowa ya san abin da ya kawo shi nan. Ba kyan fuskarku ya tsayar da mota ba." Aka yanka tsofaffin durare aka ajiye, kowa ya ɗauki itace biyu yana ba su ruwa. Chinelo ta rubuta a jikin allo da Hausa da Turanci cewa a jefa shara a duro. Wanda ya jefar a ƙasa kuwa, muryar Iya Bisi ta ishe shi.

Baba Shekari bai ga mangwaron ya yi 'ya'ya ba. Idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi Zonkwa. Ranar da zai tafi ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana shafa jikinsu da tafin hannu, yana gaya mata wanda za a sassabe da wanda za a bari. Ya ba ta almakashinsa na yankan reshe, wanda ya ce tun zamanin Turawa yake hannunsa.

A daminar 2007, wata Juma'a da la'asar, Nedu ya tsaya a hanyarsa ta komawa kudu. An yi ruwa an ɗauke, kwalta tana sheƙi. Ya ga Clementina tana ɗingishi, gwiwa ta dame ta, tana shirin tsayawa jiran motar Sabon Gari.

"Mama, zo in sauke ki a Kwangila. Kujerar gaba babu kowa."

Ta ce kayanta da datti. Ya ce motarsa ce. Ya ce kuma sai ya koma Samaru ya ɗauki wani fasinja da ya baro ya juyo, in ba ta gaggawa. Ta ba Iya Bisi ajiyar tsintsiya, ta kama ƙarfe ta hau matakala uku, ta zauna a kujera mai laushi a bayan wani gilashi mai faɗin ƙofar coci.

Suka je Samaru suka juyo. Daga can sama komai ya zama dabam. Tana ganin rufin shaguna, da gonakin masara a bayansu, da hadari yana janyewa wajen Basawa. Hanya ta miƙe fetal, gefenta jar ƙasa da ciyawa. Sai can gaba ta hango wani dunƙulen kore, da ja a jikinsa, yana tahowa. Ta ɗan jima kafin ta gane. Darbejiyoyin sun fi yadda take zato girma. Fararen tayoyi a jere, hayaƙin mai tsire yana ratsa ganye, lemar Chinelo, Iya Bisi 'yar ƙarama tana ɗaga ludayi. Nedu ya sassauta gudu ya danna ham sau biyu. Hasken yamma ya ratso ta cikin ganyen ya zuba a cinyarta, ya yi ta rawa, sannan ya ɗauke. Suka haye kwalbati.

"Har mun wuce?" ta ce.

"Mun wuce, Mama."

Ta juya tana leƙe ta madubin gefe har koren ya ƙanƙance. Shekara huɗu tana sunkuye a wurin, ga shi bai kai minti ɗaya ba. Sai dariya ta kama ta, ta yi ta yi har da hawaye, Nedu ma ya kama dariya bai san dalili ba.

A Kwangila ya tsaya ya riƙe mata hannu ta sauka. Ya ce sai Laraba, a gaya wa Iya ta ajiye masa kan kifi. Bas ɗin ta hau hanyar Kaduna. Clementina ta tsaya a cikin hayaniyar 'yan acaba da masu talla. Wani ɗan acaba ya matso ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Ta dube shi kamar sai ta tuna tukuna.

"Chikaji," ta ce. "Amma ka tafi a hankali."